Yadda Ake Sake Fasalin Manhajar Shagon Gahawa Don Ta Yi Sauƙin Amfani

Wanda ya buɗe manhajar shagon gahawa da ƙarfe bakwai da rabi na safe buƙatarsa guda ce: ya yi oda, ya biya, ya iso ya ɗauki kofinsa ya wuce wurin aiki ba tare da ya bi layi ba. Galibi yana tafe ne, hannu ɗaya riƙe da jaka ko makullin mota, hankalinsa a rabe, sabis ɗin wayarsa kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Duk gyaran da za a yi wa manhajar da wannan mutum ake auna shi, ma'aunin kuwa shi ne lokacin da ya ɗauka tun daga buɗe waya har zuwa sa'ad da kofin ya shiga hannunsa. Wani ɓangare na wannan lokaci a cikin waya yake tafiya, sauran kuma a bayan kanta, inda ake haɗa gahawar. Saboda haka aikin na mutum biyu ne, mai zanen manhaja da mai shago, kuma matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya dace su bi su tare.

A fara daga bakin kanta

Kafin a zana komai, sai mai aikin ya je shagon ya tsaya a lokacin da ciniki ya fi zafi, wato da sassafe da kuma bayan an tashi daga aiki, ya kuma maimaita hakan a ranar hutun ƙarshen mako, domin masu zuwa ranar Litinin da masu zuwa ranar Asabar ba buƙatarsu ɗaya ba. Ya lura da inda masu oda ta waya suke tsayawa idan sun shigo, da tambayar farko da suke yi wa ma'aikata, da tsawon lokacin da kofuna ke yi a kan kanta kafin masu su su iso. Idan aka ga mutum ya shigo yana miƙa wa mai karɓar kuɗi wayarsa yana cewa a duba masa ko odarsa ta shiga, to manhajar ta gaza gaya masa abin da ya kamata ta gaya masa, kuma wannan shi ne abin farko da za a rubuta.

Daga nan sai a zauna da masu haɗa gahawa bayan cunkoso ya lafa. Su ne suka san odar da ke yawan fitowa ba daidai ba, da abin da ke ƙarewa a shago alhali manhaja na ci gaba da sayar da shi, da irin ƙorafin da kwastomomi ke dawowa da shi. Ya fi kyau a yi wannan hira ba a gaban mai shago ba, saboda ma'aikaci ba zai saki baki ya kushe abin da ubangidansa ya kashe wa kuɗi ba.

Sai kuma alƙaluman da manhajar kanta take tarawa. Idan an haɗa ta da Firebase, wato tsarin Google da ke ƙirga abin da masu amfani ke yi a cikin manhaja, ko makamancinsa, za a iya ganin mutum nawa ne suka buɗe jerin kayan sha, nawa suka zuba wani abu a kwando, nawa suka kai shafin biyan kuɗi, nawa kuma suka kammala. Wurin da adadin ya faɗi da yawa a lokaci guda, nan ne ciwon yake. A haɗa da sharhin da mutane suka bari a Google Play da App Store, musamman masu tauraro biyu da uku, domin masu tauraro ɗaya sau da yawa fushi kawai suke zubarwa, masu biyar kuma ba sa bayani. A adana waɗannan alƙaluma a wuri guda da kwanan wata, domin da su za a kwatanta sakamako bayan an gama.

Gwada tsohuwar manhajar da mutane na gaske

Masu aiki da yawa sukan tsallake wannan mataki bisa tunanin cewa tunda za a rushe tsohon zane, ɓata lokaci ne a gwada shi. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi tsada, domin wanda bai san takamaiman inda tsohon ya gaza ba zai iya sake gina matsalar nan cikin sabon launi.

Ba a buƙatar taron jama'a. Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma gwaje-gwaje ƙanana da ake maimaitawa sun fi babban gwaji guda ɗaya amfani. A zaɓo mutanen daga cikin kwastomomin shagon: mai zuwa kullum, mai zuwa jefi-jefi, wanda bai taɓa sauke manhajar ba, da aƙalla mutum ɗaya mai shekaru wanda ke sa tabarau idan zai yi karatu. Kowa ya yi amfani da wayarsa, ba wayar mai gwaji ba.

A ba kowane mutum aiki takamaimai, a faɗe shi da harshen yau da kullum ba tare da an ambaci sunan maɓalli ba. Misali, a ce masa ya sayi babban kofin gahawa mai madara, ba sukari, ya zo ya karɓa a reshen da ke kusa da ofishinsa. A ce ya sake sayen abin da ya saya jiya. A ce ya cire abu ɗaya daga kwando ya canza girman wani. Mai gwaji ya roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake latsawa, sannan ya yi shiru, ko da ya ga mutumin ya ɓace hanya. Wannan shirun yana da wuya, amma da zarar an nuna masa maɓallin gwajin ya lalace. A kuma tuna cewa mutanenmu suna da kara. Idan aka tambayi mutum yaya ya ga manhajar, zai ce ta yi kyau ƙwarai, alhali ya yi minti uku yana neman inda ake rage sukari. Abin da yatsunsa suka yi shi ne shaida, shi za a rubuta, tare da lokacin da kowane aiki ya ci.

A ƙarshen zaman ana iya ba shi tambayoyi goma na SUS, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja wanda John Brooke ya tsara a 1986. Sakamakonsa daga 0 zuwa 100 ne, kuma ana ɗaukar 68 a matsayin matsakaici. Amfaninsa shi ne ya ba da lamba guda da mai shago zai iya riƙewa ya kwatanta da ta bayan gyara.

Idan an gama, sai a jera matsalolin bisa tambayoyi biyu: mutum nawa matsalar ta shafa, kuma shin ta hana su kammala saye ne ko jinkiri kawai ta jawo. Wadda ta hana saye ita ce a gaba, ko da gyaranta ba zai burge kowa a ido ba.

Gyara jerin kayan sha

Yawancin manhajojin shaguna sukan jera kaya yadda suke a littafin ajiyar kaya na shagon, ba yadda mai saye yake tunaninsu ba. Hanya mai sauƙi ta gano tunanin mai saye ita ce a rubuta sunan kowane abin sha da abin ci a ƙaramin kati, a ba mutane su kasa su rukuni-rukuni yadda suka ga ya dace, su kuma raɗa wa kowane rukuni suna. Inda akasarinsu suka yi daidai, nan ne rukunin gaskiya. Sau da yawa abin da ke fitowa bai wuce mai zafi, mai sanyi, shayi da abin taɓawa ba, kuma gara a tsaya a kan rukunai kaɗan, domin an daɗe da sani, tun binciken William Hick na 1952, cewa yawan zaɓi na ƙara lokacin yanke shawara.

Sunaye irin su latte, cappuccino da americano a bar su yadda suke, amma a sa layi ɗaya na bayani a ƙarƙashin kowanne, misali cewa latte gahawa ce mai ƙarfi da aka cika da madara mai ɗumi, americano kuma da ruwan zafi aka sassauta ta. Wanda ya sani ba zai damu da layin ba, wanda bai sani ba kuma an raba shi da jin kunyar tambaya. Farashi ya fito tun a jerin, ba sai an shiga ciki ba. Hoton kowane abu ya zama na ainihin kofin shagon.

Shafin zaɓin girma, madara, sukari da ƙanƙara shi ne inda oda ta fi lalacewa. A sa zaɓin da akasarin mutane ke yi ya zama an riga an zaɓe shi, ta yadda wanda ba ya son canza komai zai latsa sau ɗaya ya wuce. Abubuwa biyu ko uku da aka fi taɓawa su fito fili, sauran a naɗe su a ƙarƙashin maɓalli guda. Duk ƙarin da ke da kuɗi a rubuta kuɗinsa a gefensa, jimilla kuma ta riƙa canzawa nan take a kan maɓallin zubawa a kwando. Abin da ya ƙare a shago a dusashe shi a rubuta cewa ya ƙare, kuma wannan ba zai yiwu ba sai an ba ma'aikatan kanta hanyar kashe kaya da latsawa ɗaya daga nasu ɓangaren.

Gajarta hanyar oda

Yanzu ne za a ɗauki takarda da fensir. A zana shafukan da mutum zai bi daga buɗewa zuwa biya, a ƙirga latsawa nawa ne, sannan a tambayi kowane shafi dalilin zamansa. Zanen takarda ya fi a wannan mataki saboda babu wanda ke jin ciwon yaga shi, saɓanin zanen da aka kwana ana ƙawatawa a Figma, manhajar da ake zana shafuka da ita.

Abin da ya fi kowane gyara riba shi ne shafin farko. Mai shan gahawa mutum ne mai al'ada, abin da ya sha jiya shi zai sha yau, kuma mai shayin unguwa ma da ya hango kwastomansa na kullum yakan fara haɗa masa nasa tun kafin ya zauna a benci. Manhajar ta yi hakan: odar da mutum ya saba yi ta zauna a saman shafin farko da duk zaɓinsa, da maɓallin sake saye a kanta. Tallan sabon kaya da rangwame su sauka ƙasa. Masu shago kan yi gardama a nan domin suna son talla ta fara bayyana, kuma amsar da ta fi gamsar da su ita ce alƙaluman da aka tara tun farko na yawan masu maimaita oda.

Idan shagon yana da rassa, sunan reshen da za a karɓi kaya ya kasance a bayyane a saman kowane shafi, a kuma sake nuna shi da manyan baƙaƙe kafin a biya. Wanda ya biya kuɗi ya iso ya tarar an haɗa masa gahawa a wani reshen da ke can ƙarshen gari da wuya ya sake amincewa da manhajar. Kada a dogara da taswirar waya kaɗai wajen zaɓar masa reshe, domin mutum na iya yin oda daga gida alhali kusa da ofis zai karɓa.

Rajista kuma kada ta tare ƙofa. A bar mutum ya duba kaya da farashi, ya cika kwando, sannan a nemi sunansa da lambar wayarsa, ba ƙari. Ranar haihuwa da adireshin imel za su iya jira har ya ga amfanin bayar da su. Wannan ya dace da dokokin kare bayanai ma, irin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta tanadi cewa a taƙaita ga bayanan da ake buƙata. Tun daga 2022 kuma kamfanin Apple ya wajabta cewa duk manhajar da ke buɗe wa mutane asusu ta ba su hanyar goge shi daga cikinta, don haka a tanadi wannan tun a zane.

Biyan kuɗi da karɓar kaya

Shafin biya ya nuna jimillar gaskiya, da haraji da duk wani caji a ciki, kafin a latsa maɓallin ƙarshe. Hanyoyin biya kuwa su bi al'adar garin. A Amurka kati da Apple Pay sun wadatar, amma shagon da ke Abuja ko Kano dole ya karɓi taransifa ta banki, kuma kamfanoni irin Paystack da Flutterwave suna ba da wannan hanya tare da ta kati. A ƙara da zaɓin biya a kanta ga wanda ya fi natsuwa da hakan.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne daƙiƙun da ke tsakanin latsa biya da samun tabbaci. Idan sabis ya yi rauni allon ya tsaya cik, mutum zai sake latsawa, a cire masa kuɗi sau biyu. Saboda haka maɓallin ya kulle bayan latsawar farko, allon kuma ya faɗa a fili cewa ana jiran tabbaci daga banki kuma kada a sake biya. Idan biyan bai yi ba, saƙon ya amsa tambayoyi biyu da ke ran mutum: an cire kuɗina ko ba a cire ba, kuma me zan yi yanzu. Kwandonsa ya kasance yana nan yadda ya bar shi. Rubutun da ke cewa an samu matsala kawai, tare da wata lambar da injiniya ne kaɗai zai gane ta, bai amsa ko ɗaya ba.

Bayan biya sai batun lokaci, kuma a nan tarihin Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa na Amurka, yana da darasi. Kamfanin ya fara gwada oda ta waya a birnin Portland a ƙarshen 2014, ya kuma yaɗa ta a faɗin Amurka a Satumban 2015. Manhajar ta karɓu har ta haifar da wata matsalar: a farkon 2017 shugabannin kamfanin suka amince cewa cunkoso a wurin miƙa kaya na sa wasu masu shigowa da ƙafa su juya ba su saya ba. Da Brian Niccol ya karɓi shugabanci a Satumban 2024, cikin abubuwan da ya sa a gaba akwai rage yawan kayan da ke jerin, da tsara yadda ododin waya ke shiga layi, da burin miƙa wa wanda ke cikin shago kofinsa cikin minti huɗu. Manhaja na iya karɓar oda hamsin a minti guda, injin gahawa kuwa da hannuwan da ke bayansa suna da iyaka.

Ƙaramin shago zai iya kauce wa wannan ta hanyoyi uku. Lokacin da manhaja ke nunawa ya fito daga yawan ododin da ke kan layi a wannan sa'a, ba lamba guda da aka rubuta tun ranar da aka gina ta ba. A ba mutum damar zaɓar lokacin da zai iso, tare da ƙayyade adadin ododin da kowane minti goma zai ɗauka. Ma'aikata kuma su sami maɓallin dakatar da odar waya na ɗan lokaci idan aiki ya sha kansu. Shafin bibiya ya nuna matakai uku kacal, an karɓa, ana haɗawa, an gama, da lambar oda babba wadda ta yi daidai da wadda aka rubuta a jikin kofi. A cikin shagon ma a keɓe wurin ɗaukar odar waya da alama mai ɗauke da kalmomin da ke cikin manhajar.

Girma, launi da nauyi

Sai a wannan gaɓa ake maganar kyan gani, kuma akwai ƙa'idojin da ba sai an ƙirƙiro sababbi ba. Apple ya ba da shawarar kada wurin latsawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsa, Google kuma 48 a nasa. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara domin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum. Shagunan gahawa na yawan faɗawa wannan rami saboda son rubutu mai launin ruwan ƙasa a kan bango mai ruwan madara, wanda ke da kyau a kwamfutar mai zane amma ya ɓace a tsakar rana. Manyan maɓallai su zauna a ƙasan allo inda babban yatsa ke kaiwa, domin binciken Steven Hoober na 2013 ya nuna kusan rabin mutanen da ya lura da su da hannu ɗaya suke sarrafa waya. A gwada shafukan da TalkBack da VoiceOver, masu karanta wa makafi abin da ke kan allo da murya, a kuma gwada su bayan an ƙara girman rubutun waya. Idan za a sa Hausa, a tabbata salon rubutun da aka zaɓa yana da ɓ, ɗ, ƙ da alamar naira.

A rage nauyin hotuna, a sa jerin kaya ya zauna a waya ta yadda zai buɗe ko da sabis ya yi ƙasa, a kuma yi gwaji a kan waya mai araha irin itel ko tsohuwar Tecno idan ita ce a hannun kwastomomin. Jinkirin da ya wuce daƙiƙa ɗaya na katse wa mutum tunani, wanda ya kai daƙiƙa goma kuma na sa shi barin aikin. Makin lada, idan akwai, a bayyana shi da jimla ɗaya, kamar a ce saura kofi biyu ka sami na kyauta.

Gwaji na biyu da fitarwa

A haɗa samfurin da ake iya latsawa a Figma, a kawo sababbin mutane biyar, a ba su ayyukan nan da aka ba na farko ba tare da canza ko kalma ba, a auna lokaci, a sake ba da tambayoyin SUS. A gyara abin da ya fito, a sake gwadawa, sannan a miƙa wa masu rubuta manhaja. Cikin abin da za a miƙa har da zanen yanayin da ba a so: kwando ba komai, sabis ya ɗauke, shago a rufe, biya ya gaza, kaya ya ƙare bayan an biya.

Kada a saki sabon fasalin ga kowa rana ɗaya. Google Play na ba da damar fitarwa ga wani kaso na masu amfani a riƙa ƙarawa, App Store kuma na da tsarin fitarwa a hankali cikin kwana bakwai, kuma ana iya dakatarwa idan matsala ta ɓullo. A guji fitarwa a lokacin da ciniki ya sauya kamanni, kamar watan azumi ko makon salla, domin alƙaluman lokacin ba za su kwatantu da na baya ba. A koya wa ma'aikata sabon tsarin kafin kwastomomi su gan shi. A makon farko za a ji ƙorafi daga waɗanda hannunsu ya saba da tsohon wuri, don haka a jira kamar wata guda kafin a ɗauko alƙaluman farko a kwatanta yawan masu kammala saye, da lokacin da oda ke ci, da adadin ododin da aka sake haɗawa saboda kuskure. Daga nan mai zane ya koma bakin kanta da ƙarfe bakwai da rabi ya ƙirga mutum nawa ne har yanzu suke miƙa waya a duba masu oda, ya sa abin da ya gani a saman jerin gyaran zagaye na gaba.